Kafin a Sa Zare

Mai kallon dambe hannu yake kallo. Idonsa na kan dunƙulen nan da aka naɗe da zare, yana jiran ya ga inda zai sauka. Makaɗi ma hannun yake zugawa, ɗan ma'abba ma shi yake yi wa kirari. Amma ka samu wanda ya daɗe yana shiga fage ka zauna da shi, zai gaya maka ƙafa ce take kai mutum ƙasa, ita ce kuma take hana shi zuwa. A ƙa'idar dambe ba sai an sumar da mutum ake cewa an yi kisa ba. Da zarar gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Saboda haka wanda cinyarsa ta fara rawa a turmi na uku, ya riga ya faɗi tun naushin bai iso ba. Ita kuwa ƙafar da ba ta rawa, wata biyu ko fiye ake ɗauka ana gina ta, a lokacin da babu kalangu, babu 'yan kallo, babu mai liƙa wa mutum ko sisi.

Wannan ginin jiki na kafin kaka fasaha ce mai zaman kanta, kuma a ganina samarin ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam da ke haɗa noma da dambe sun cancanci a yaba musu a kanta fiye da kowa, domin su wahalarsu biyu ce.

Asalin dambe sana'ar rundawa ce. Idan aka yi girbi, kuɗi ya shigo hannun manoma, bukukuwa suka kankama, sai mahauta su bi gari gari suna yanka, da yamma kuma a buɗe fage. A irin wannan yanayi ne su Shago da Ɗandunawa suka yi suna, Ɗan Anace yana yi musu kiɗa. Tsarin shekara da kansa yake shirya ɗan dambe a wancan zamani: damina ta gasa jiki da aiki, kaka ta cika ciki, rani kuma ya ba da sarari. Mutum ya fito daga gona da ƙarfinsa, ga lokaci ya yi masa yawa.

Ruwan Tiga ya rushe wannan lissafi a yankinmu. Tun da aka kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka koro ruwa ta Ruwan Kanya ya bi babban kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, sannan aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are a 1976, ƙasar nan ba ta ƙara sanin hutun rani ba. Ana yankan shinkafar damina a watan Oktoba zuwa Nuwamba, kuma ba a gama ɗaure buhu ba ake gaggawar gyara ƙasa domin alkama, wadda idan sanyin hunturu ya wuce ta, an yi asara. Ga dashen tumatir, ga albasa, ga masara. Kafin ka ankara kwanduna sun fara sauka a Kwanar Gafan, manyan motoci na jiran lodi zuwa Legas. Wato daidai lokacin da kalangu ke kiran saurayi, daidai lokacin ne gona ta fi buƙatarsa. Ɗan damben birni da ke zaune kusa da gidan damben Ado Bayero Square ba shi da wannan damuwa. Na Kura kuwa jiki ɗaya gare shi, dole ya san yadda zai raba shi tsakanin fangali da fage.

Wani zai ce to ai sauƙi ya samu, tunda mai wuni da fartanya ba ya neman motsa jiki. Nan ne kuskuren yake, kuma nan ne ake gane wanda ya san abin da yake yi. Ƙarfin manomi irin na injin ban ruwa ne, ya wuni yana aiki da murya ɗaya bai gaji ba. Dambe ba ya son haka. Turmi guda ɗan lokaci ne, yawancinsa ma tsayuwa ce da auna juna, sai kuma a rufta gaba ɗaya cikin 'yan daƙiƙu, a zuba duk abin da ake da shi, a ja baya, a sake. Manomin da zai iya yin dashe daga hantsi zuwa la'asar yana iya shiga fage numfashinsa ya ƙare kafin a raba su sau biyu. Ban da haka, watannin da ya yi a sunkuye sun ɗaure masa ƙugu, sun sandarar da bayan cinya, kafaɗu sun ranƙwafo gaba. Ƙarfi yana nan, amma a ƙulle yake. Aikin makonnin shiri shi ne a buɗe shi.

Da numfashi ake farawa. Ana sallame sallar asuba za ka ga saurayi ya kama hanyar da ke bin gefen kanal, wadda motocin hukuma da babura suka daddanne ta ta yi santsi, ya fara sassarfa. A makonnin farko ba ya gudu mai ƙarfi, yana tafiya ne daidai yadda zai iya amsa gaisuwar mai wucewa ba tare da haki ya tsinke masa magana ba. Sabon shiga yakan raina wannan, ya ga kamar wasa ne. Ba wasa ba ne. Zuciya da huhu suna buƙatar mako shida zuwa takwas na irin wannan aiki kafin a ga canji na sosai, jijiyoyin gwiwa da na idon sawu kuwa sun fi tsoka jinkirin sabawa. Wanda ya fara da gudun tsere tun ranar farko, tsokarsa za ta amsa masa, jijiyarsa ta ƙi, sai ka gan shi yana ɗingishi da kaka ta zo. Sai an yi nisa ne ake sauya salo: ya zaɓi alama biyu, wataƙila wannan ƙofar ruwa da waccan 'yar gada, ya zuba gudu iya ƙarfinsa tsakaninsu, ya dawo da tafiya, numfashi bai gama komawa ba ya sake zubawa. Fage yake kwaikwayo ke nan, rufta, ja baya, sake rufta.

Akwai wani abu da tsofaffin 'yan wasa suka sani tun kafin masana su rubuta shi, wato ciwon jikin sabon aiki ba a ranar yake zuwa ba, sai kashegari, ya fi tsanani a kwana na biyu. Shi ya sa idan yaro ya zo yana cika baki da yamma cewa bai ji komai ba, maigidansa yakan ce masa, "To, Allah ya kai mu jibi, ka zo ka faɗa mini." Kuma ba ya barinsa ya kwanta saboda ciwon, ba ya kuma barinsa ya ƙara nauyi a kai. Tafiya mai sauƙi, miƙe gaɓoɓi, a bar jiki ya gyara kansa.

Sai kuma langa, wadda ita ce ta fi burge ni a cikin lamarin duka. Kowa ya yi ta yana yaro a dandali da farin wata: ka kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ka tsaya a kan ɗayar, kana tsalle kana neman ture abokin karawarka, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya mutu. Yawancinmu mun bar ta tare da ƙuruciya. Mai shirin dambe da ya san ciwon kansa yakan koma mata, kuma idan ka tsaya ka dube shi da kyau za ka gane dalili. Ƙafar da ke ƙasa ba ta taɓa miƙewa sambal, kullum gwiwa a ɗan lanƙwashe take. Yatsun ƙafa suna damƙar ƙasa suna saki. Idan aka kawo masa kafaɗa ta dama, ba ya tokarewa, sai ya ɗan sauke ƙugu, ya bar turin ya wuce, ya yi tsalle guda ya dawo daidai. Duk waɗannan ƙananan gyare-gyare ba tunani yake yi kafin ya yi su ba, jiki ne ke koyo da kansa. Ranar da aka sauke masa naushi a haƙarƙari, ko abokin karawa ya kai masa ƙafa, tunda dambe ya yarda da shuri, wannan koyon ne zai hana gwiwarsa taɓa ƙasa. Gwani kuma yana sauya ƙafa, ba ya barin ta dama ta yi ta cin moriya ta hagu na lalaci, domin a tsayuwar dambe kowace da aikinta. Ta gaba tana tokare, ta baya tana ingiza.

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe duwatsu, irin su Ostiriya da Suwizalan da Norwe, masu wasan zamiya a kan ƙanƙara suna da irin wannan kakar tasu, wadda ke kamawa da hunturunsu. Tun saura watanni biyu suke fara shiri, kuma abin da masu horar da su suka fi nanatawa shi ne cinya, ƙugu, da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, saboda raunin da ya fi addabarsu shi ne tsinkewar jijiyar gwiwa, yawanci kuma idan gajiya ta kama mutum yake faruwa. Suna biyan kuɗi a gidajen motsa jiki a tsayar da su a kan wani faifai mai rawa don su koyi abin da yaron Bunkure ke samu kyauta a langa. Ban kawo wannan don raina su ba. Na kawo ne don a san cewa gwiwar ɗan Adam ɗaya ce, ko a ƙanƙara ko a rairayi.

Abin da ya fi wannan wayo shi ne yadda masu hankali ke mayar da aikin gonar kansa horo, maimakon su ɗauke shi abokin gaba. Dubi bugun shinkafa. An shimfiɗa tamfol, an kwantar da duro a tsakiya, mutum ya ɗauki damin shinkafa da hannu biyu ya ɗaga sama ya maka a jikin duron, ƙwayar na tarwatsewa. Ɗan ƙwadago na yau da kullum da hannu da baya yake bugu, shi ya sa da yamma yake dafe da ƙugu. Mai shirin fage kuwa yakan ware ƙafa, ɗaya gaba ɗaya baya, ya taso da bugun daga diddigen ƙafar baya, ya murza ƙugu, kafaɗa ta biyo, hannu ya zo a ƙarshe. Hanyar da naushi mai kisa ke bi ke nan. Hannu isarwa kawai yake yi, nauyin daga ƙasa yake tasowa. Idan ya yi dami ashirin ta wannan gefe sai ya juya ya yi ta ɗayan. Ladan aikinsa bai ragu ba, ga shi ya yi atisaye.

Haka tafiya a cikin taɓon fangali, inda kowane taku sai an zaro ƙafa da ƙarfi. Haka ɗaukar buhun shanshera a bi ta kan siririyar kunyar da ta raba fangali da fangali, inda taku ɗaya na ganganci zai jefa mutum da kayansa cikin ruwa. Sai dai a nan gwani yana da iyaka. Buhu yana gina wuya da baya, amma shi ne kuma ya fi komai karya su. Gwani ba ya sunkuyawa ya fizgo shi da baya, sai ya durƙusa ya tashi da cinya, ko a ɗora masa. Kuma ba ya shiga gasar wa ya fi ɗauka da 'yan dako, domin su sana'arsu ke nan, shi kuwa akwai inda zai kai bayan nasa.

Hannu ma ba a manta da shi ba, amma ba wanda ake zato ake fara kula da shi ba. Garkuwa, hannun da ba a naɗe ba, shi ne ke wuni a miƙe da tafi a buɗe, yana auna nisa, yana tare hari, yana dafe kan abokin karawa. Idan kafaɗarsa ta gaji ya fara sauka, fuska ta buɗe. Don haka za ka ga mutum ya miƙe hannu riƙe da dutse ko galan ɗin ruwa, yana tsaye har kafaɗar ta fara zafi, ya sauke, ya sake. Shi kuwa mashi, hannun duka, sai an saba masa da ɗauri. Ana dunƙule shi, a lulluɓe da ƙyalle, sannan a bi da zare ana zagayawa ana tamkewa tun daga wuyan hannu har ya rufe dunƙulen, ya koma tauri. Hannun da bai saba ba yakan yi nauyi, ya yi sanyi, yatsu su mutu. Mai naɗin yana yi yana tambaya, "Ya kama?" Idan ya yi sako-sako zai zame a karya yatsa, idan ya matse da yawa jini ya tsaya. Ana gwada wannan sau da yawa kafin ranar, a kan buhun da aka rataye a reshen darbejiya. Wanda ya cika buhunsa da yashi zalla zai farfasa gaɓoɓin yatsunsa a banza. Masu dabara suna gauraya yashin da ɓuntun shinkafa, abin da ba ya yankewa a Kura saboda injinan casa.

Maganar abinci ba ta da tsawo. Tuwo, wake, fura da nono, nama ko kifi gwargwadon aljihu, da ruwa mai yawa ko da sanyi ya hana jin ƙishi. Barci kuma ya fi rabin abin da ake sayarwa a kwalba da sunan maganin ƙarfi. Saurayin da zai kai sha biyun dare a majalisa yana latsa waya, ya ce zai fita gudu da asuba, kansa yake yaudara.

Maganar kwalba kuwa ta kawo mu inda raina ke ɓaci. Tramadol ya shiga gonaki, ya shiga fage. Mai sha yana cewa ba ya jin gajiya, ba ya jin duka. Gaskiya ne ba ya ji, amma dukan yana shiga, jijiyar tana yagewa, kuma ƙwayar tana iya jefa mutum cikin farfaɗiya. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwayoyi ba su bar ƙauyuka ba. Duk abin da na zayyana a sama ya dogara ne da abu guda, mutum ya ji abin da jikinsa ke faɗa masa. Wanda ya toshe wannan ji ya rushe fasahar daga tushe. Batun laya da tsaga a damtse kuwa, tsohuwar al'adar fage ce, ba ni zan raba kowa da ita ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, waɗanda layarsu ta fi "ci" su ne waɗanda aka fi gani a gefen kanal da asuba. A dai guji aska ɗaya ga mutum biyu.

Akwai kuma ɓarayin ƙarfi guda biyu da ruwan nan ya zo da su. Na farko sauro, wanda a yankin noman rani ba ya tafiya hutu, zazzaɓi ɗaya kuma ya isa ya cinye aikin mako uku. Na biyu tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwa mai tafiya a hankali, ta huda fatar mai wanka ko mai aiki a ciki. Samari da yawa suna ganin jini a ƙarshen fitsari su ɗauka ba komai ba ne, har wasu na ganin alamar balaga ce. Alhali jini ne ke tsiyaya a hankali, mutum ya yi ta gudu numfashinsa ya ƙi ƙaruwa, bai san dalili ba. Gwajin fitsari ne ke nuna ta, maganinta kuma, praziquantel, ana samunsa, ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Mako na ƙarshe shi ne mafi wuya ga mai zafin jini, domin a nan ake cewa ya rage. Ba a fafe gora ranar tafiya, abin da bai samu a wata biyu ba, ba zai samu a kwana biyar ba, gajiya kawai zai tara. Gudu ya koma gajere, buhu ya huta, a bar ɗan motsi don kada jiki ya yi sanyi. A nan ne kuma siyasar gida ke shigowa, tunda gona ba ta san da wani fage ba. Sai ka ji saurayi ya rusuna gaban mahaifinsa yana cewa, "Baba, a yi mini haƙuri da lodi wannan makon, ni zan riƙe ban ruwa, ko na dare ne." Idan uban mai son wasa ne ya ce, "Allah ya ba da sa'a, amma kada ka dawo mini da karaya ga alkama a ƙasa." Idan ba mai so ba ne, to sai an bi ta wajen kawu ko inna. Wanda bai iya wannan sulhu ba zai shiga fage da bayan da ya wuni ƙarƙashin kwando.

Abu ɗaya ne duk wannan shiri ba ya iya yi, ba ya sa wa ƙwaƙwalwa sulke. Wanda aka buge ya suma, ko ya tashi yana jiri da amai, ba jarumta ba ce ya koma fage bayan kwana biyu don kada a ce ya ji tsoro. Makonni yake buƙata, da ganin likita. Ubangidan da ya tura shi ya koma, ba masoyinsa ba ne.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane darajar shiri. Gasar kokawarsu ta Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maradi ya lashe ta farko, ba kara zube ake zuwa ba. Kowace jiha cikin takwas tana tace 'yan wasa goma, a killace su, a ciyar da su, a horar da su kafin a tafi. Irin su Isaka Isaka na Doso daga wannan tsari suka fito. Mu a nan dambe ya samu kasuwa, ana damben mota, ana haska shi a YouTube duniya na kallo, ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada kowa da magoya bayansa, amma saurayin ƙauye har yanzu shi kaɗai yake shirya kansa, da buhun ɓuntu da hanyar gefen kanal.

Kira nake ga shugabannin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, da sarakunan dambe, da manyan masu injinan casa da ke son a ambaci sunansu a fage: kafin ku sa babur ko kujerar Umara a gasar bana, ku ware abin da zai isa a yi wa kowane ɗan wasa gwajin jini da na fitsari tun watan Satumba, kuma ku ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fage ranar wasa. Kuɗin bai kai na babur ɗaya ba.